Askin Inabin Malam

Talata, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Mun dawo gida. Likita ya rufe fayil ɗin a hankali, ya ce mu tafi da shi, mu ba shi duk abin da ransa yake so. Na ce, "To allurar fa? Ƙarin ruwan fa?" Sai ya dubi Tamba maimakon ya dube ni. Shekara ashirin da bakwai ina wanke wa mutumin nan riga, amma Tamba aka duba, don shi ne abokinsa na mota, shi ne namiji. Ban sake tambaya ba.

Malam ya ƙi shiga ɗaki. Ya ce ɗaki warin asibiti yake yi masa. Muka shimfiɗa katifa a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabinsa, inda ganye ya rufe sama ruf, ko ɗigon rana ba ya saukowa. Ya kwanta yana kallon sama, na ɗauka barci zai yi. Can ya ce, "Sadatu, damana ta wuce ko?"

Na ce ta wuce.

"To daga yau kada ki ƙara ba iccen ga ruwa. Ko na alwala kada shi kai gindinai. Aski za mu yi mai."

Na ce to. A yau ko cewa ya yi in kwashe rufin gida, to zan ce.

Laraba, da hantsi

Cokali huɗu na kunu. Ya ce ya ƙoshi.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan azahar

Ban taɓa son itacen nan ba, gara in faɗa. Shekara uku da suka wuce ya dawo daga kai albasa Kudu, ya biyo ta Zariya, ya shigo mini da wasu 'yan sanduna a jiƙaƙƙen buhu yana murna kamar wanda aka ba kujerar Makka. Na ce waɗannan ai ko tuwo ba za su dafa ba. Ɗaya ce ta kama. Ya kafa mata gora, ya ja waya daga bangon kicin zuwa na ɗakin ɗinkina, yana ɗaure ta da ƙyallayen da yake sata a kwandona. Ni kuwa na sa wa itacen suna Bazazzagi, baƙon da ya zo unguwarmu Badariya ya ci taki ya sha ruwa bai taɓa cewa an gode ba.

Bara ya so yi masa aski na hana. Na ce ina wanki a inuwar, ina tsinar shinkafa a inuwar, ba wanda zai tsiraita mini tsakar gida. Ya ɗan rage baki-baki don a zauna lafiya. 'Ya'ya nono uku ya yi, ƙanana, tsuntsaye suka riga mu.

Yau ya sake yi mini bayanin, yana hutawa tsakanin magana. Wai inabi a ƙasarsu sanyi ne yake sa shi barci, ya zubar da ganye, ya farka da 'ya'ya. Nan kuwa ba sanyin da zai kwantar da shi, sai ya yi ta ganye, ya yi ta ganye, har abada. Dole mutum ya hana shi ruwa, ya tsige ganyen da hannu, ya datse rassan, sannan ya tuna da haihuwa.

Na ce, "A garinmu Ambursa in shuka ta yi kore godiya mukai wa Allah. Ba mu bin ta da wuƙa."

Ya ce, "Shi ya sa ku shinkafa ɗai kunka iya."

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa masa wurin, ya dafe. Na tashi na shiga kicin kamar na bar wani abu a wuta.

Juma'a, da yamma

Masu gaisuwa tun daga saukowa masallaci. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce, kai, wannan inuwa! Sannan ya sauke kai ya ga wanda ke kwance a cikinta, ya rasa abin faɗa. Nazifa, autarmu, ta zo daga gidanta na unguwar Nasarawa da farfesun kifi. Ya lashi romo don kada ta ji ba daɗi. Da za ta tafi ta ja ni zaure ta ce, "Inna, idanunai..." Na ce ta gaida mijinta.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan sallar asuba

Ganyen ya fara laushi, gefensa yana naɗewa. Zafin kaka ya sauko da ƙarfinsa, ɗaki kamar tanda, kuma nan ne kaɗai wurin da mutumin nan yake samun barci. In aka tsige ganyen, ina zan kai shi?

Na zuba bokiti biyu yana barci. Na rufe wurin da busasshiyar ƙasa.

Litinin, da sassafe

Bokiti biyu.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ya gane. Ban san yana da sauran ƙarfin da zai miƙa hannu har gindin itacen ba. Na fito da ruwan wanka na same shi da danyar ƙasa a tafin hannu, yana murzawa.

"Wa yab ba shi ruwa?"

Na ce raɓa ce.

"Raɓa ta bokiti?"

Sai na fashe. Na ce masa ni ba zan tsaya ina kallon abu yana bushewa a gidana ba alhali ga rijiya. Na ce ɗaya ya ishe ni. Da bakina na faɗi haka, ɗaya ya ishe ni.

Ya share hannunsa a jikin katifa. Ya ce, "Likita ya ce a ba ni abin da nika so. Kin ji shi ko ba ki ji ba?"

Na ji shi.

"To wanga nika so."

Na juye ruwan wankan a bokitin ƙarfe na kai bayan ɗaki, nesa da gindin. A can na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Alhamis, bayan azahar

Cokali uku. Ƙafafun sun ƙi shiga takalmi. Na buɗe masa rigunansa biyu ta gefe, na ƙara ƙyalle. Wuyan kuma sai rage shi nake yi. Ban taɓa yi wa mutum ɗaya ƙari da ragi a riga ɗaya ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da la'asar

Yaya Hodi ta iso daga Argungu, yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta zo da jarkar rubutu, da sassaƙe a ƙullin leda, da busasshen kifi rabin kwali, da bakinta. Ta ga almakashin lambu da ya sa na wasa na ajiye a kan taga, ta tambaya na mene ne. Nazifa ta gaya mata.

Ta ajiye mayafi. Ta ce, "Ku kam kuna da hankali? Mutum na kwance, a sare iccen da yad dasa da hannunai? Wa yat taɓa yin haka? Sadatu, ke ad da lahiya, ke ya kamata ki hana."

Karo na farko tun da aka kawo ni gidan nan ni da Yaya Hodi muka tsaya a layi ɗaya. Har na ji ina son ta.

Malam ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ba sara ba na. Aski na."

"Aski ko yanka, ba a yi! Ummaru, ka bari ka tashi ka yi abinka da kanka."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, irin duban da ƙane ba ya yi wa yaya. Ita ce ta fara kawar da kai. Ta ɗauki buta ta ce la'asar tana wucewa, alhali tare muka yi sallar.

Lahadi

Bai ci ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Yau rana ce mai kyau, bari in rubuta ta da kyau.

Ya tashi zaune da kansa. Ya sha kunu rabin kofi, ya ce a ɗanɗana masa kifin Yaya. Da yamma iska ta ɗan motsa, busassun ganye suna faɗo masa a ƙirji yana tsincewa. Na kawo keken hannu kusa da shi ina haɗa rigar wata yarinya. Sai na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya. Na ce, in an yi askin, yaushe ake cin 'ya'yan?

Ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu, leɓensa yana motsi. Ya lanƙwasa huɗu, ya tsaya a kan na biyar bai ƙarasa shi ba.

"Wata huɗu da 'yan kwanakki. Gab da azumi shina nuna." Ya sake kallon yatsun. "Daidai na."

Na ce daidai da me?

Ya ce, "Ki dai wasa almakashi."

Ai kuwa zuciyata ta yi fari. Daidai da buɗa-baki mana! Mutumin da yake lissafin azumi, yake lissafin abin da zai sa a baki in an kira magariba, ai bai shirya tafiya ko'ina ba. Likita ya karanta takarda ne kawai, shi kuwa a cikin jikin yake zaune, ya fi kowa sanin abin da ya rage masa. Na ce masa nonon farko nawa ne, ladan bokitin da na fasa zubawa. Ya ce an ba ni.

Na gaya wa Yaya Hodi a kicin. Ta ci gaba da gyaran kifinta ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah shi sa." Tsohuwar nan ba ta iya murna ba.

Alhamis, da hantsi

Ganye ya zube kusan rabi. Rana ta fara leƙowa ta ramuka, tana sauka a kan zanen rufarsa kamar kwabbai. Ina matsar da katifa tana bin mu.

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

Yau aka yi zaɓe. Ya sa na yayyaga jan ƙyalle siri-siri. Na hau turmi, shi yana kwance riƙe da sandar rake yana nuna mini.

Ashe itacen nan yana da tsari, ni ce ban taɓa dubawa ba. Gindi ɗaya ne ya hau gora har sama, ya rabu hannu biyu, ɗaya ya bi waya ya nufi kicin, ɗaya ya nufi ɗakin ɗinki. Duk sauran tarkacen daga hannuwan nan biyu suka fito. Ya ce in nemi rassan da suka yi ja-ja kamar kirfa, masu kaurin fensir, su ne suka nuna. A jikin kowanne akwai gaɓa-gaɓa, a kowace gaɓa akwai ɗan ƙullutu, shi ne ido. In ƙirga ido biyar daga tushe in ɗaura jan ƙyalle. Kore, da sirara, da waɗanda suka hau kan 'yan'uwansu, ba su da ƙyalle, ba su da rabo.

Na kama wani dogon reshe kore shar, ya fi kowanne kyau, ya kai har bakin taga. Na ce wannan dai a bar shi.

"Ƙyale ƙawa. Ba shi haihuwa."

Na ce tausayi yake ba ni.

Ya ce, "Ke da kika raba shadda ta dubu nawa da almakashi ba ki ƙibta ido? In kin bar mai dut, ba shi ba ki komi."

Yaya Hodi tana bakin ƙofa tana jan carbi da ƙarfi don mu ji.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

An yi.

Tun da sanyin safe na fara. Na tsige sauran ganyen da hannu, sannan almakashi. Ya ce in yanka a karkace, yatsa ɗaya sama da ido, don kada ruwa ya kwanta a kan yankan. Na farko almakashin ya tauna reshen, ya ce in sake, a yi shi sau ɗaya kamar yankan wuyan riga. Daga na biyar hannuna ya faɗa. Ƙaf, ƙaf, ƙaf. Rassa suna zubowa, Nazifa tana ja tana tarawa a zaure. Sama tana ta buɗewa a kanmu, har na ga eriyar gidan maƙwabta da na manta da ita.

Abin da bai gaya mini ba shi ne itacen yana zubar da ruwa. Kowane baki da na yanka sai ya taru da ɗigo, fari tas, ya ɗiga. Ɗaya ya sauka a goshinsa. Yaya Hodi ta ce, "Kun gani? Kuka shikai." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Na tsaya a kan turmi da almakashi a hannu. Malam ya shafa goshinsa ya duba yatsan. Ya ce, "Mai rai ɗai ka wanga. Ci gaba."

Da na gama na kwance tsofaffin ɗaurin, na sake ɗaure kowane reshe a jikin waya, sako-sako yadda yatsa zai shige, don in ya yi ƙiba kada ƙyallen ya shaƙe shi. Na tona kewayen gindin, na zuba takin awaki kwano huɗu. Sannan ya ce, "To 'yar Ambursa, yanzu ba shi ruwa har ki gaji." Na ba shi har na gaji.

Abin da ya rage a sama bai fi ƙashin kifi ba. Tsakar gidana tsirara.

Litinin, da tsakar rana

Rana ta same shi tun hantsi. Na ɗinke tsofaffin zannuwana uku na shimfiɗa a kan wayar, amma zane ba ganye ba ne, zafi yana ratsowa. Gumi yake yi, leɓensa ya tsage. Ni na yi wannan da hannuna.

Gab da azumi. Gab da azumi. Ina ta faɗa a raina ina yi masa fifita.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Muryar ta ragu, sai na kai kunne. Amma yau ya ƙi yin shiru, wai sai na haddace.

In idanun suka buɗe, wani zai fito da toho biyu, in cire raunanan in bar mai ƙarfi. In toho ya kai kamu ɗaya in kwantar da shi a kan waya in ɗaure, kullum in duba, don a kwana ɗaya yake canja hanya. Ruwa a gindi kawai, kada ya taɓa ganye. In ya yi fure in rage ruwa, kada in girgiza shi. In 'ya'ya suka kai ƙwayar wake in sa ƙaramin almakashina in rage su, don su sami wurin girma. In suka fara laushi in yanka tsohon gidan sauro in ɗinka wa kowane nono jaka, saboda tsuntsaye.

Na ce, "Wannan ai ba ranar hutu. Ko ƙofar gida ba ni leƙawa ke nan. Kai dai ka tashi ka yi abinka."

Ya ce, "Ai ke tela ta."

Ya sa na maimaita tun daga farko. Na yi kuskure a wajen fure, ya sa na sake.

Laraba, bayan la'asar

Ya ce a kira Tamba. Yana son ganin gulbin garinsu, Argungu.

Na ce in ya ji sauƙi ma je. Ya ce gobe. Yaya Hodi ta fara naɗe kayanta. Na cika wa itacen kwarin da na tona a gindinsa da ruwa har ya tumbatsa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, Argungu, da hantsi

Jiya muka zo. Tamba ya tuƙa motar kamar mai ɗauke da ƙwai, duk ramin da ya shiga sai ya ce, "Sannu, Ummaru." An sauke shi a ɗakin mahaifiyarsu. Yau da safe 'ya'yan Yaya suka ɗauke shi a kujera zuwa bakin ruwa. Gulbi ya cika, shinkafa ta sunkuya a fadama, masu jirage suna ɗaga masa hannu, waɗansu suna kiran sunan da ake kiransa da shi yana yaro, wanda ni ban taɓa ji ba. Ya sa aka ɗebo ruwan a ƙoƙo ya tsoma hannu.

Da muka dawo ya ce da ni, "Kwana nawa da aski?" Na ce biyar. Ya ce saura kaɗan su buɗe.

Na ce, "Sai mu koma ka gani."

Ya rufe ido.

Asabar

Ya daina karɓar ruwa. Ina jiƙa auduga.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Bayan azahar.

Talata, 22 ga Oktoba, Argungu, da la'asar

Gida cike da mata. An tsefe mini kai, an cire 'yan kunne, an ba ni zanen da ba ni na zaɓa ba. Kowa ya zo ya ce in yi haƙuri, ina cewa na gode. Shinkafa ake ta dafawa. Wata tsohuwa da ban sani ba ta ce ai ta ji labarin itacen da aka sare, aka yi mata tsawa.

Yaya Hodi ta zauna kusa da ni bayan an watse. Ta ce in yi takabata a nan, ga ɗaki, ga mutane, kada in koma in zauna ni ɗaya da bango. Nazifa kuma ta ce Nasarawa, mijinta ya yarda. Na ce musu a ɗakina ya bar ni, can zan zauna. Ban ce musu kwana shida ke nan ba a ba shi ruwa ba. Kunya ta hana ni, mace mijinta bai kwana uku a ƙasa ba tana tunanin itace.

Yaya ta riƙe hannuna, nata duk ƙaya-ƙaya saboda aikin kifi. Ta ce, "Ba askin ba na, Sadatu. Na sani tun randa niz zo. Bakina na ɗai." Muka yi kuka tare, wanda ba mu taɓa yi ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, Badariya, bayan magariba

Katifar tana nan inda muka bar ta. Zannuwan sun faɗo gefe ɗaya. Sandar raken tana jingine.

Haushinsa nake ji, Allah Ya yafe mini. Ya ce gab da azumi. Ya ce nonon farko nawa ne. Ya sa na ƙone shi da rana kwana huɗu a kan abin da ya san ba zai gani ba. Da na bar masa inuwarsa ya ƙarasa a cikin sanyi.

Na zuba ruwan ban ɗaga kai na dubi itacen ba.

Juma'a

Ban buɗe keke ba. Na ba shi ruwa.

Asabar, da hantsi

Na ba shi ruwa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Na je kwance zannuwan daga kan waya, sai na gani. Idanun sun kumbura, sun tsage, wani abu mai gashi-gashi ja-ja yana leƙowa, bai fi kan ashana ba. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Duk inda na ɗaura jan ƙyalle.

Na juya zan ce, "Malam, ka gani?"

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Nazifa ta zo da tuwo. Ta same ni a kan turmi, ta ce, "Inna, ke da ke takaba mi kikai bisa turmi?" Na ce ba a hana mai takaba hawa turmi ba. Tohon ya fito sosai yanzu, ganye ƙanana masu sheƙi, waɗansu idanun da biyu-biyu kamar yadda ya faɗa.

Ta zauna a bakin katifar tana latsa waya. Ta ce mijinta ya tambayi liman an lissafa mini. Wata huɗu da kwana goma daga Lahadin da Malam ya rasu, zai kama ashirin da bakwai ga Sha'aban.

"Kin ga gab da azumi za ki hita, Inna. Saura kwana biyu ko ukku."

Na ce ta sake faɗa.

Ta sake faɗa.

Na ga hannunsa. Yatsu huɗu a lanƙwashe, na biyar ya tsaya rabi. Daidai na.

Ba buɗa-baki yake lissafawa ba. Ni yake lissafawa. Ya san za a rufe ni a gidan nan wata huɗu da kwanaki, ba kasuwa, ba biki, ba kowa sai bango da katifar nan. Ya san halina, ya san in na zauna hannu sake zan bi shi. Shi ne ya kwanta a rana kwana huɗu, leɓe a tsage, don ya bar mini abin da zai tashe ni kowace safiya: ɗauri, ragi, fure, jakar gidan sauro. Har ya sa na maimaita.

Nazifa ta ce, "Inna, lahiya? Sauko kada ki hwaɗi." Na ce ta je ta ɗora mini ruwan zafi. Ba na son ta ga fuskata.

Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kiran sunanka ba, ko a bayan idonka. Ummaru. Ummaru, ka iya wayo. Ka bar ni ina murna, ina cewa nonon farko nawa ne, kai kuwa ka san duka nawa ne, ba mai taya ni ci. Zuciyata ta karye, kuma ba ni da wanda zan yi wa faɗa.

Na share ido da gefen zane don in ga abin da nake yi. Idon farko daga wajen kicin yana da toho biyu. Na sa farce na cire ƙaramin. Na bar mai ƙarfin, na matsa zuwa na gaba.